Harsasan Da Ummulkhairi Ta Wanke

Ummulkhairi mace ce da ba ta kai wa mutum abu da datti. Duk wanda ya zauna a Ƙofar Atiku ya san haka. In ta ari tukunyarki, za ta dawo miki da ita gindinta yana ƙyalli, har ki ji kunyar yadda kika bayar. Kwanon da aka kawo mata abincin suna ba ya komawa sai ya sha toka da lemun tsami. Ta ce haka mahaifinta Saje Bawa yake so, don shi tsohon soja ne, na yaƙin Boma, kuma har ya rasu takalminsa bai taɓa kwana da ƙura ba. To, wannan halin nata mai kyau shi ne ya kusa ja wa ɗanta Nura abin da ba ya gyaruwa, a daminar bara.

Nura shi kaɗai ne namiji a ’ya’yanta, kuma shi ke riƙe da gidan tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ubanta. Hatsi yake saye a kasuwannin ƙauye na gabas, ya loda a mota ya kawo cikin gari. Da can sana’a ce kamar kowace. Amma a shekarun nan da ’yan bindiga suka addabi hanyoyi, mutumin da yake shiga daji ya fito lafiya kullum, ana yi masa barka da baki, ana kuma kallonsa da gefen ido. Ba wanda ya taɓa ce wa Nura komai. Sai dai kun san yadda gari yake.

Ran da abin ya faru, an kwana ana ruwa. Da safe aka ga tsohon ɗakin Saje Bawa, wanda aka rufe tun rasuwarsa, ya zube, ya tafi da katangar da ta raba tsakar gidan da lungu. Nura ya riga ya yi sammakon kasuwa. Ummulkhairi ta aika aka kira magini ya zo ya tsame azarar da za ta moru. Yana cikin janye-janye sai ga wani gwangwani ya faɗo daga tsakanin azara, tsatsa ta cinye shi. Yana buga ƙasa ya fashe, abin ciki ya watse.

Harsasai ne, cike da gwangwanin, an naɗe su da wani tsumman kaki da ya zama gari. Sun yi kore shar kamar gansakuka, ga ƙasa, ga kashin ɓera.

Magini ya ja da baya yana salati. Ya ce, “Hajiya, wanga ba aikina ba na. Ki kai ma mai unguwa tun da rana. Kullum rediyo shina faɗi, duk wanda yag ga irin wanga abu shi kai.”

Ya tattara kayan aikinsa ya yi gaba. Ummulkhairi ta aika gidan mai unguwa Ladan, aka ce ya tafi jana’iza, sai bayan Azahar. Ta ce to, za ta kai da kanta in ya dawo.

Sai ta tsaya tana kallon abin a ƙasa. Ba tsoro ta ji ba. Kayan babanta ne, hannunsa ne ya naɗe tsumman nan. Abin da ya dame ta dabam ne. Ta ce a ranta, yanzu wannan ƙazantar zan ɗauka in ajiye gaban Ladan da manyan unguwa? A ce daga gidan Saje Bawa ta fito?

Ta ɗebo toka a murhu, ta yanka lemun tsami, ta ɗauko soson ƙarfe. Ta zauna a kan kujera ’yar tsuguno tana goge su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take yi wa tasoshin tagulla na kakarta. Kafin rana ta take, koren nan ya tafi, harsasai sun fito jawur suna walƙiya. Ta ɗauraye su, ta jera a kan babban tirenta na baƙi, ta shanya a tsakar gida. Ta manta, ko kuwa ba ta kawo a ranta ba, cewa yau tsakar gidanta ba ta da katanga.

Gambo mai cajin waya ne ya fara gani. Shagonsa yana bakin lungun. Ba mugun mutum ba ne, amma a bazarar da ta wuce ’yan bindiga sun tare mota sun tafi da ƙanensa, kuma har lokacin ba labari. Mutum mai irin wannan ciwon, in ya ga tire cike da harsasai masu ƙyalli a gidan wanda ke shiga daji duk mako, ba ya tsayawa tambaya. Ya ɗaga waya ya ɗauki hoto ya tura. Kafin a kira Azahar hoton ya zaga unguwa, ya ƙetare ta, da rubutu a ƙasansa cewa ga sababbin harsasai a gidan mai kai wa ’yan daji kaya.

Shi kuwa Nura, ruwa ya cinye hanya, motarsu ta juyo. Yana sauka daga babur a bakin lungu, bai san me ake ciki ba, sai ya ji an riƙe masa wuyan riga. ’Yan sintirin unguwa ne, bayansu ga jama’a. Allah ya sa a daidai lokacin mai unguwa Ladan ya dawo. Dattijon ya kutsa da sandarsa, ya kama hannun Nura, ya ja shi cikin zaurensa, ya sa aka ɗauko tiren aka shigo da shi, sannan ya tsaya a ƙofa ya ce duk wanda zai taɓa yaron nan sai ya bi ta kansa. Ya buga wa ’yan sanda waya.

Ummulkhairi ta zo da mayafi a karkace. Ta yi rantsuwa, ta ce na babanta ne, yau aka tono su, ita ta wanke su da hannunta.

Wani daga cikin taron ya ce, “Inna, tsohon abu ka walƙiya haka? Ko makaho ya san sabo.”

Ta nemi maginin, wayarsa a kashe. Mutumin kirki, ya ji ƙishin-ƙishin ya ɓuya. Ladan ya matso ya yi ƙasa da murya.

“Ummu, ni na san Saje, na san kuma halinki. Amma sanina ba shi isa yau. ’Yan sanda sun ce suna wani wuri, za su iso. In kina da wanda ya san kan wanga abu, tahi ki zo da shi.”

Nan take Dorcas ta faɗo mata a rai. Ƙawarta ce tun suna amare, lokacin da Dorcas da mijinta Bitrus suka yi haya a gidan Saje Bawa kafin su samu ɗaki a bariki. Bitrus soja ne, amma ba na fagen daga ba, aikinsa kula da ɗakin ajiyar makamai, kuma a kansa ya tsufa har ya yi ritaya, shi ma da muƙamin saje kamar babanta. Yanzu suna Runjin Sambo, yana kiwon kaji.

Ta tari keke napep. Ta sami Bitrus a bayan ɗakinsu da singileti, yana zuba wa kaji dusa. Ta ba da labari a tsaye, ko ruwan da Dorcas ta kawo ba ta taɓa ba.

Bitrus ya ajiye kwanon dusar. Sannan ya ce, “Hajiya, na bar wannan harka da daɗewa. Kuma ki duba, taron unguwa ne, rai ya ɓaci. Ni ba ɗan Ƙofar Atiku ba ne. In na shiga na yi magana, gobe a ce har da tsohon sojan nan a ciki.”

Dorcas ta riƙe ƙugu. “Ji shi! Baban Favour, tuwon gidansu Hajiya nawa ka ci? Ran da na haifi Emmanuel kana bariki, wa ya zauna da ni? Kajin nan ne?”

“Mace, bari in gama mana.”

“To gama, muna ji.”

Ya juyo ga Ummulkhairi. “Zan je. Amma ki ji tun a nan. Abin da na gani a jikin harsashin shi zan faɗa. In tsoho ne zan ce tsoho ne. In na ga sabo a ciki, ko ɗaya ne, gaban kowa zan ce sabo ne. Kin yarda?”

Ummulkhairi ta dube shi. Ta san inda harsasan suka fito, ta gani da idonta. Amma ɗakin ya yi shekaru a rufe, mabuɗinsa kuma yana rataye inda kowa zai iya ɗauka, kuma wace uwa ce ta san duk abin da ɗanta yake yi? Ta haɗiye wannan tunanin, ta ce, “Na yarda, Saje.”

Suka cika keke su uku, Dorcas ta ce ba za a bar ta a baya ba.

Sun tarar da motar ’yan sanda, a-kori-kura, a ƙofar gidan mai unguwa, taron kuma ya ninka. A cikin zaure Nura yana zaune a ƙasa, rigarsa a yage. Sufeton da ya zo, Bashar sunansa, mutum ne mai sanyin magana. Yana ce wa Ladan abin da ya fi sauƙi shi ne a sa Nura a mota a fitar da shi daga cikin mutanen nan, sauran bayani a yi a caji ofis.

Nura ya ɗago kai. “Yallaɓai, don Allah. In anka sa ni bayan motar ga, anka zaga da ni gaban jama’a, ko gobe kunka sake ni na gama. Ba mai sake ɗora min buhu. Ba mai sake amsa min sallama a kasuwa. Ɗiyana makaranta suke zuwa cikin unguwar ga.”

Sufeto ya ce, “Na ji ka. Amma ka ji waje ai.”

A nan Ladan ya gabatar da Bitrus. Sufeto ya ƙame ya sara masa, ya ce, “Baba, bismilla. Ni na ga ba na bindigar da muke riƙewa ba ne, tsawonsu ya nuna. Amma ban taɓa aiki da irinsu ba, kuma ba zan fita in ce wa mutane abin da ban tabbatar ba.”

Bitrus ya durƙusa gaban tiren da ƙyar, gwiwa tana ƙara. Ya kai hanci ya shinshina.

“Lemun tsami nake ji?”

Ummulkhairi ta ce, “Da toka.”

“Da me kika goge?”

“Soson ƙarfe.”

“Har gindin? Har ɗan ƙwayar nan na tsakiya?”

“Ai nan dattin ya fi maƙalewa. Sai da na sa tsinke.”

Bitrus ya dafe kai da hannu biyu. “Yesu Almasihu! Sannan kika shanya a rana kamar kuɓewa? Hajiya, a bariki da wani kurtu ya yi haka, da ya kwana yana tsallen kwaɗo.”

Dorcas ta ce, “Ai ba su tashi ba, ga ta nan lafiya. Yi abin da ya kawo ka.”

Har Sufeto sai da ya murmusa. Bitrus ya nemi a ba shi harsashi ɗaya na ’yan sanda. Aka zaro daga bindigar wani kofur aka miƙa masa. Ya tsayar da su biyu a tafin hannu, ya juya yadda na bakin ƙofa za su gani.

“Ku duba. Wannan gajeren shi ne na bindigar da ake ta’adi da ita yanzu, irin wadda hukuma ma take riƙewa. Gindinsa daidai yake da jikinsa. Wannan dogon kuwa, kun ga gindinsa yana da leɓe, ya fito kamar bakin faranti. Na makfo ne, bindigar da ake ja a tura bayan kowane harbi. Da ita aka koya mana fareti muna samari. Ko ka tura shi cikin waccan da guduma ba zai shiga ba.”

Ya juya gindin dogon sama, ya matso da shi, ya nisanta, ya runtse ido. Ya shafa aljihu.

“Na bar tabarau a gida.”

Dorcas ta zare nata, mai jan firam da ’yan duwatsu a gefe, ta ɗora masa a hanci. Wani ɗan sintiri ya ƙyalƙyale da dariya, Ladan ya harare shi. Ko da tabaran, rubutun da ke gindin harsashin ya yi wa tsohon ƙanƙanta. Sai Sufeto ya tsuguna kusa da shi, ya buɗe kyamarar waya, ya jawo hoton gindin harsashin har ya cika fuskar wayar.

“Baba, ni in karanta, kai ka fassara. Ga K, ga wata alama kamar ƙafar kaza, ga F.”

“Ba ƙafar kaza ba ce, kan kibiya ne. Tambarin gwamnatin Ingila ke nan, duk kayan sojansu da shi. K da F kuwa masana’anta ce a Indiya, a wani gari Kirki, lokacin Indiya tana hannun Turawa. Kowace masana’anta tana buga harufanta a gindi, don in harsashi ya ƙi tashi a san wanda za a tuhuma. Duba gefe, akwai lamba.”

“Akwai huɗu da biyu.”

“Shekarar da aka ƙera shi ce. Alif ɗari tara da arba’in da biyu. A ƙasa fa?”

“V da sanda biyu.”

“Bakwai ke nan a ƙirgen Turawan da, samfurin harsashin. Ɗauko wani.”

Haka suka yi ta yi, Sufeto yana karantawa, Bitrus yana fassarawa, Dorcas tana ware waɗanda aka duba gefe guda. Yawancinsu na Indiya ne, arba’in da biyu, arba’in da uku. Aka sami ’yan kaɗan masu harafin U, Bitrus ya ce na Afirka ta Kudu ne, don a yaƙi akwatin da ya iso gabanka shi kake buɗewa. Bai tsallake ko ɗaya ba. Duk wanda aka ɗaga, Ummulkhairi sai ta dubi fuskar ɗanta, ba ta dubi harsashin ba. Har aka kai na ƙarshe, babu wanda ya wuce arba’in da huɗu.

Bitrus ya ce, “Babu wanda Nura ya girma a cikinsu. Babu ma wanda Hajiya ta girma.”

Zauren ya ɗan saki. Sai murya ta fito daga bakin ƙofa. Gambo ne, idonsa jawur.

“Baba, ni ban yi boko mai nisa ba, amma in tambaye ka. Lambar ga ta ce an ƙera shi da daɗewa. Ta ce maka jiya ina ya kwana? Tsohuwar bindiga ba ta kisa? Mi zai hana mutum shi sayo tsoho shi kai daji?”

Wasu suka ce a kore shi. Bitrus ya ɗaga hannu.

“Ku bar shi, gaskiya ya faɗa. Bayan yaƙi an yi ta sayar da ragowar irin waɗannan a duniya, shekara da shekaru, kuma wanda aka ajiye da kyau yana iya tashi har yau. Lamba ba ta faɗin inda ya zauna. Abin da zai faɗi wannan shi ne jikinsa, koren da ya yi, da ƙasar da ta manne masa.”

Bai ƙarasa ba, amma kowa ya gane. Ummulkhairi ta dubi hannuwanta, har yanzu da baƙin toka a ƙarƙashin farce. Ta ce a hankali, “Ashe shaidar ɗana nig goge.”

Nura ya ce, “Inna, bari. Ba ki sani ba.”

Sufeto ya miƙe tsaye yana kallon ƙofa, kana ganinsa ka san lissafin mota ya dawo masa. Shi kuwa Bitrus bai tashi ba. Ya ɗauki harsashi ɗaya yana murza shi tsakanin yatsu, ba gindin yake bi ba yanzu, wuyan yake bi, inda kan ya shiga cikin kwanso. Farcensa ya tsaya a wani wuri. Ya ajiye, ya ɗauki wani, ya sake ɗaukar wani.

“Sufeto, kawo wayar nan. Haska nan.”

A fuskar wayar aka ga tsaga siririya kamar gashi, ta taso daga bakin kwanson ta gangaro. Na biyu ma haka, na uku har biyu gare shi.

Bitrus ya ce, “Wannan soso bai yi ta ba, kuma soso ba ya share ta. Tagulla in ta daɗe a wuri mai laima, inda ɓera da jemage suke fitsari, haka take tsagewa da kanta. A ɗakin ajiya abin da muka fi tsoro ke nan, shi ya sa muke yaƙi da ɓera kamar abokin gaba. Ba aikin wata ɗaya ba ne, ba na shekara ɗaya ba.”

Ya sa kowa ya ja baya. Ya kama kan wani wanda tsagarsa ta fi buɗewa, ya ɗan jijjiga, sai ga shi ya zare a hannunsa kamar haƙorin tsoho. Ya kifa kwanson a kan tire ya ƙwanƙwasa. Wani ɗan faifan takarda ya faɗo, bayansa wasu siraran tsinkaye masu launin ƙasa, kamar taliyar da aka kakkarya, wasu sun dunƙule sun jiƙe.

Dorcas ta ce, “Taliya a cikin harsashi?”

“Albarushin Turawan da ke nan, a tsaye suke zuba shi. Ku ji warinsa, ya yi tsami.” Ya dubi ƙofa. “Kai mai tambaya, shigo. Mene ne sunanka?”

“Gambo.”

“Shigo, Gambo, ka duba da idonka. Zaɓi duk wanda kake so a tiren nan, ka bi wuyansa da farce.”

Gambo ya shigo yana ɗari-ɗari. Ya tsuguna, ya zaɓa daga tsakiya, ya bi da farce. Ya zaɓi wani daga gefe. Ya daɗe a kan tiren, ba wanda ya hanzarta shi.

Bitrus ya ce, “Wanda ya sa wannan a bindiga, ko dai ta yi shiru, ko ta watso masa wuta a fuska. Mutanen daji mugaye ne, amma sun san kayan aikinsu. Ko kyauta ka kai musu ba za su karɓa ba. Ba na cewa babu haɗari, a jefa a wuta a gani. Amma na harbi, sun mutu tun kafin a haife ka.”

Gambo ya ajiye na hannunsa. Bai dubi Nura ba. Ya ce, kamar da kansa yake magana, “Na ga suna walƙiya na.”

Ladan ya ce wa Gambo, “To wayar da ta kai wancan, ita za ta kai wanga. Ɗauki tsagar, ɗauki taliyar, ɗauki Saje shina bayani. Duk inda ka tura na farko ka tura.”

Bitrus ya yi sauri ya cire tabaran Dorcas kafin a fara ɗauka.

Sufeto ya jira aka gama, sannan ya fita ƙofar zaure ya yi wa jama’a magana da kansa. Ya faɗi shekarun da ya karanta da idonsa, ya ce kayan tsohon soja ne da gini ya rufe, kuma mai gidan ta riga ta aika wa mai unguwa tun da safe za ta kawo. Ya dawo ciki ya ce doka dai doka ce, harsashi ba ya zama a hannun farar hula ko ya mutu, zai tafi da su, kuma dole wanda ya tsinta ya zo ya ba da bayani.

Ummulkhairi ta gyara mayafi. “To ni ta. Ni nit tsinta, ni niw wanke. Nura ko ganinsu bai yi ba sai a zauren ga.”

“Haka ne, Inna. Ke za ki ba da bayani, Baba ya sa hannu a matsayin wanda ya duba. Nura ya rako ki in yana so, ai ɗa yana raka uwarsa.” Sufeto ya dubi Nura. “Mota ta cika da yarana. Ku taho a keke.”

Motar ba ta cika ba, kowa yana gani. Aka juye harsasan cikin bokitin yashi aka sa a bayanta, ta tashi. Nura ya ari riga a gidan mai unguwa, ya fito da ƙafarsa, ya tsayar da keke da hannunsa, ya riƙe wa uwarsa mayafi ta shiga. Mutane suka buɗe hanya. Wasu suka ce Allah ya kyauta, wasu suka sunkuyar da kai, wasu kuma suka tsaya suna kallo kawai.

A hanya Ummulkhairi ta ce, “Saje, wane gari ka ce?”

“Kirki. A Indiya.”

“Baba bai taɓa faɗa muna ya je Indiya ba. Boma kawai muka sani, ita ma ba daga bakinsa ba.”

“Ta Indiya aka bi da su. Ni ma na sha zama da shi a zaure, in na kawo zancen yaƙi sai ya tambaye ni farashin gero.”

“To mi ya sa ya ɗauko su tun daga can, ya ɓoye cikin rufi?”

Bitrus ya girgiza kai. “Wannan ba a buga shi a gindin ba, Hajiya.”

Kafin Magariba sun dawo gida. Hoton na biyu bai yi gudun na farko ba, dama ba ya yi. Ranar kasuwa ta gaba Nura ya tsaya a tasha gefen motarsa tun da sassafe. Cikin masu ba shi sautun hatsi, biyu suka wuce shi suka ba wani, ɗayansu ma har yau bai dawo ba. Ya daɗe a tsaye shi kaɗai. Can sai ga wani dattijo mai awo a tsohuwar kasuwa, ya zo da buhunansa babu komai a ciki, a naɗe a hammata, ya jefa su cikin motar.

Ya ce, “Gero, ba dawa ba. Kuma ka ce ma Inna ina gaisuwa.”

Nura ya ɗauki buhunan ya gyara musu wuri, ya kira direba ya ce a tayar da mota.